Dutse da Rakoda: Rayuwar Jama'a da Al'adu a Ƙasar Sikotlan a Shekarar 1951

Gabatarwa

A ranar 11 ga Afrilu, 1951, wasu mutane suka shiga kangon wata tsohuwar majami'a a garin Arbroath, a gabashin ƙasar Sikotlan, suka ajiye wani dutse mai nauyin kilo 152, suka lulluɓe shi da tutar ƙasarsu, suka yi tafiyarsu. Kafin gari ya waye labarin ya cika jaridun duniya. A cikin wannan shekara kuma, wani malami ɗan tsibiri yana ta ratsa ƙauyukan da ke cikin tsaunukan arewacin ƙasar da na'urar ɗaukar magana, watau rakoda, yana zama gaban tsofaffi yana ɗaukar labaransu da waƙoƙinsu. Shi kuwa babu jaridar da ta damu da shi.

Wannan lacca za ta dubi shekarar 1951 ne a ƙasar Sikotlan, domin a ga yadda al'ummar da ba ta da majalisar dokoki ta kanta take riƙe da sunanta da kamanninta. Za a fara da tsarin mulkin ƙasar da halin zaman jama'arta, sa'an nan a zo kan batun dutsen da zaɓen da ya biyo bayansa, daga nan a koma kan bukukuwa da harsuna da aikin tattara adabin baka. A ƙarshe za a auna a gani, tsakanin dutse da rakoda, wanne ne ya fi barin gado, kuma mene ne ya gagari kowannensu.

Ƙasa Mai Shari'a, Ba Majalisa

Sikotlan ita ce ɓangaren arewa na tsibirin Birtaniya. Ta daɗe tana da sarkinta da majalisarta, har zuwa shekarar 1603 lokacin da sarkinta, James na Shida, ya gaji gadon sarautar Ingila, ƙasashen biyu suka koma ƙarƙashin sarki ɗaya. A shekarar 1707 aka ƙulla yarjejeniyar haɗewa, aka rufe majalisar da ke Edinbara, wakilan ƙasar suka koma zama a majalisar Landan. Amma yarjejeniyar ta bar wa Sikotawa abubuwa uku waɗanda suka zama ginshiƙan rayuwarsu: shari'arsu da kotunansu, da cocinsu, da kuma tsarin iliminsu.

Saboda haka, mutumin Sikotlan na shekarar 1951 yana iya tashi ya yi makaranta, ya yi aure, ya sayi gida, ya kai ƙara gaban alƙali, duk bisa ƙa'idojin da suka bambanta da na Ingila, alhali kuwa ba shi da wata majalisa a ƙasarsa da za ta gyara waɗannan ƙa'idoji. Akwai dai ofishin harkokin Sikotlan da aka kafa tun 1885, wanda aka mayar da yawancin ma'aikatansa Edinbara a 1939, yana kula da aikin gona da lafiya da ilimi da harkokin cikin gida. To amma ministan da ke shugabancinsa ɗan majalisar Landan ne, kuma firayim minista ne yake naɗa shi. Watau akwai ma'aikata a gida, amma masu yin doka suna can nesa.

Wannan giɓi shi ne ya sa babban taron Cocin Sikotlan, wanda ake yi kowace shekara a watan Mayu a Edinbara, ya zama kamar majalisar ƙasa. Limamai da dattawan coci daga kowace gunduma sukan hallara su tattauna batun gidaje da albashi da ƙaura da makarantu, jaridu kuma su buga muhawarar dalla-dalla. 'Yan wannan coci da ke cikin rajista sun haura miliyan ɗaya a lokacin, ga kuma mabiya ɗariƙar Katolika masu yawa, galibinsu jikokin waɗanda suka yi ƙaura daga Ailan, waɗanda gwamnati take ɗaukar nauyin makarantunsu tun 1918. Ranar Lahadi shaguna da mashaya a rufe suke. Abin mamaki ga baƙo shi ne, ranar Kirsimeti ba ranar hutu ba ce a ƙasar sai a 1958. Babban bikin jama'a shi ne na shigowar sabuwar shekara.

Halin Zaman Jama'a

A watan Afrilu na 1951 aka yi ƙidayar jama'a, wadda ita ce ta farko cikin shekara ashirin, domin yaƙi ya hana yin ta 1941. An sami mutum miliyan biyar da kusan dubu ɗari a ƙasar, kuma fiye da miliyan ɗaya daga cikinsu suna cikin birnin Gilasgo. Ƙidayar ta tona asirin matsalar da ta fi kowace ci wa talaka tuwo a ƙwarya, watau matsalar muhalli. Kusan rabin gidajen Gilasgo ɗaki ɗaya ne ko biyu, a cikin dogayen benayen haya na dutse waɗanda hayaƙi ya baƙanta, inda iyali uku ko huɗu sukan yi tarayya a makewayi ɗaya a kan matakala. Don rage wannan cunkoso ne aka ƙaddamar da ginin sababbin garuruwa, East Kilbride a 1947 da Glenrothes a 1948, amma a 1951 aikin bai yi nisa ba.

Ta fuskar aiki kuwa, ba a taɓa ganin wadata irin ta wannan lokaci ba tun kafin yaƙin duniya na farko. Ma'aikatun ƙera jiragen ruwa da ke bakin kogin Clyde cike suke da oda, mahaƙan kwal da masana'antun ƙarfe suna aiki dare da rana, ga kuma yaƙin Koriya ya ƙara buƙatar kayan yaƙi. Wanda ya ga zaman banzan shekarun 1930, lokacin da magidanta suke wuni a bakin titi babu abin yi, ya san darajar albashin mako. Duk da haka, abinci da kati ake sayensa. A farkon shekarar an rage rabon ɗanyen nama har ya koma na kwabo takwas ga mutum ɗaya a mako, watau bai kai na sule ba. Samari da 'yan mata kuma ba su daina barin ƙasar ba: tsakanin 1951 da 1961, waɗanda suka fita zuwa Ingila da Kanada da Ostareliya da sauransu sun fi waɗanda suka shigo da fiye da rubu'in miliyan.

Wurin da talaka yake fitar da abin da ke ransa shi ne filin ƙwallo. A ranar 14 ga Afrilu, kwana uku bayan an ajiye dutsen nan a Arbroath, Sikotlan ta ci Ingila uku da biyu a filin Wembley. Mako ɗaya bayan haka, mutum fiye da 130,000 suka cika filin Hampden a Gilasgo, suka ga ƙungiyar Celtic ta ci Motherwell ɗaya da nema ta ɗauki kofin ƙasa. A fagen ƙwallo dai Sikotlan ƙasa ce mai cin gashin kanta, da tutarta da 'yan wasanta.

Takardar Alkawari da Dutsen Sarauta

Neman majalisa ta gida ya yi ƙarfi ne bayan yaƙi, kuma da dalili. Gwamnatin jam'iyyar Leba ta Clement Attlee ta mayar da mahaƙan kwal hannun hukuma a 1947, jiragen ƙasa a 1948, masana'antun ƙarfe kuma a watan Fabrairu na 1951. Ma'aikata da yawa sun yi murna, amma sai ya zamana shawarwarin da dā ake yankewa a ofisoshin Gilasgo da Edinbara sun koma Landan. Wani lauya mai suna John MacCormick ya ga wannan ƙorafi ya game 'yan kasuwa da limamai da malamai da wasu 'yan ƙwadago, sai ya tattara su. A watan Oktoba na 1949, a zauren taron coci da ke Edinbara, aka ƙaddamar da wata takarda da aka kira Takardar Alkawari, inda masu sa hannu suka yi alkawarin yin iyakar ƙoƙarinsu don a kafa wa Sikotlan majalisar da za ta kula da harkokinta na cikin gida, tare da biyayya ga sarki, ba tare da an fita daga tarayyar Birtaniya ba. Cikin ɗan lokaci aka tara sa hannu kusan miliyan biyu, a ƙasar da masu jefa ƙuri'a suke kusan miliyan uku da rabi. Ko da an cire na bogi da waɗanda aka maimaita, adadin yana da ban tsoro. Amma gwamnati ta ce ba da takardar koke ake sauya tsarin mulki ba, da ƙuri'a ake yi.

A cikin wannan yanayi ne batun dutsen ya taso. Dutse ne jaja-jaja na yashi, wanda sarakunan Sikotlan na dā suke zama a kansa ranar naɗi a garin Scone. A 1296 Sarki Edward na Ɗaya na Ingila ya ci ƙasar da yaƙi, ya kwashe shi zuwa majami'ar Westminster, ya sa aka sassaƙa kujerar naɗin sarauta aka saka shi a ƙarƙashinta. Ma'anar wannan a fili take: duk wanda ya hau gadon Ingila, a kan Sikotlan yake zaune. Da asubahin ranar Kirsimeti ta 1950, matasa huɗu, Ian Hamilton da Gavin Vernon da Alan Stuart da wata budurwa Kay Matheson, suka ɓalle ƙofar majami'ar suka jawo dutsen. Wajen jawo shi ya rabe biyu. 'Yan sanda suka tare hanyoyin kan iyaka, aka yi ta bincike har cikin tafkuna, amma matasan suka ɓoye babban ɓarin a wani daji a kudancin Ingila, sai da ƙura ta lafa suka ɗauko shi. Wani masassaƙin dutse a Gilasgo, Robert Gray, ya haɗa ɓarin biyu.

Watanni uku na farkon 1951 ba a hirar komai a ƙasar sai dutse. Aka yi ta ƙaga waƙoƙin ba'a ana rerawa a mashaya, waɗanda ba su taɓa tunanin siyasa ba ma suna dariya a ɓoye. Zaɓen Arbroath a matsayin wurin ajiye shi kuwa ba a banza aka yi ba, domin daga nan ne manyan ƙasar suka aika wa Paparoma wasiƙarsu ta 1320, wadda a cikinta suka tabbatar da 'yancin Sikotlan. Masu ajiyewar sun yi fatan a bar shi a ƙasarsa. Hukuma kuwa ta sa aka ɗauke shi aka yi kudu da shi nan da nan, kuma a watan Fabrairu na 1952 aka mayar da shi ƙarƙashin kujerarsa. Babban lauyan gwamnati, Hartley Shawcross, ya shaida wa majalisa cewa ba za a gurfanar da kowa ba. Dabara ce: in an kai su kotu sun zama gwaraza, kuma dole a buɗe tambayar da ba a son a buɗe, watau dutsen na wane ne.

Hukuncin Akwatin Zaɓe

Wanda ya ga miliyan biyu a takarda da irin murnar da aka yi kan dutse zai zaci cewa zaɓen da ke tafe zai girgiza Landan. An yi zaɓen a ranar 25 ga Oktoba, 1951. Daga cikin kujeru 71 na Sikotlan, jam'iyyar Leba ta sami 35, jam'iyyar masu goyon bayan haɗin kai, watau reshen 'yan mazan jiya a ƙasar, tare da ƙawayenta ta sami 35, jam'iyyar Libaral ta sami ɗaya. Jam'iyyar 'yan kishin ƙasa ta SNP 'yan takara biyu kacal ta iya tsayarwa, ƙuri'unsu duka ba su kai dubu takwas ba. Winston Churchill ya dawo mulki, batun majalisar gida kuma ya kwanta har tsawon shekaru.

Dalilan wannan guda uku ne. Na farko, MacCormick da gangan ya ƙi mayar da ƙungiyarsa jam'iyya, don kada magoya bayansa su watse, saboda haka ranar zaɓe kowa ya koma jam'iyyarsa ta gado. Na biyu, abin da talaka ya fi buƙata, watau gida da aiki da asibiti kyauta, wanda aka fara a 1948, daga baitulmalin Birtaniya yake fitowa, kuma mutum ba ya saran reshen da yake zaune a kai. Na uku, shekara shida kacal ke nan da gama yaƙin da Sikotawa da Ingilawa suka yi kafaɗa da kafaɗa, ga kuma daular Birtaniya tana nan, tana ba 'ya'yan Sikotlan aikin soja da likita da injiniya da na mulki. Sa hannu a takarda ba ya cin komai. Ƙuri'a kuwa tana iya taɓa tukunya.

A nan akwai wani abin lura da ya shafi Nijeriya kai tsaye. Gwamnan Nijeriya a wannan shekara, Sir John Macpherson, haifaffen Edinbara ne, a can kuma ya yi jami'a. Tsarin mulkin da ke ɗauke da sunansa, wanda aka yi shawararsa tun daga ƙauye da gunduma da lardi har zuwa babban taron Ibadan na 1950, ya fara aiki ne a 1951, kuma shi ne ya ba majalisun jihohi na Kaduna da Ibadan da Inugu ikon yin doka a kan wasu harkokinsu. Ashe ke nan a shekarar da ɗan Sikotlan ya sa hannu aka ba Jihar Arewa majalisa mai yin doka, garinsu bai sami irinta ba.

Bukukuwa Biyu a Birni Ɗaya

In an bar siyasa aka koma kan al'adu, shekarar 1951 shekarar bukukuwa ce. Gwamnati ta shirya Bikin Birtaniya don a nuna cewa ƙasa ta farfaɗo daga yaƙi. Rabon Gilasgo shi ne baje kolin ƙarfin masana'antu a zauren Kelvin, inda aka nuna kwal da ƙarfe da jiragen ruwa da wutar lantarki, amma jama'a ba su cika shi yadda aka zata ba. Wanda ya wuni a gaban inji ba ya biyan kuɗi don ya je kallon inji. A garin Pitlochry kuma, wani mai suna John Stewart ya buɗe gidan wasan kwaikwayo a cikin tanti a watan Mayu, saboda an hana shi izinin kayan gini.

Babban biki dai shi ne na Edinbara, wanda aka fara a 1947 ƙarƙashin Rudolf Bing, da nufin haɗa kan mutanen Turai ta hanyar kiɗa da wasan kwaikwayo bayan yaƙi ya raba su. Zuwa 1951 ya yi suna a duniya, har babbar ƙungiyar makaɗa ta birnin Niyok ta zo. To amma akwai ƙorafi biyu a kansa: kuɗin shiga ya fi ƙarfin ma'aikaci, kuma al'adun masu masaukin baƙi ba su da wani wuri a cikinsa. In ban da wani tsohon wasan kwaikwayo na David Lyndsay, na ƙarni na 16, wanda aka farfaɗo da shi a 1948 aka kuma sake nunawa a 1951, baƙo yana iya zuwa ya koma bai ji harshen ƙasar ba, sai dai ya ga sojoji da bantensu mai zane-zane suna busa a bakin fada.

Saboda haka ƙungiyoyin ƙwadago, da suka haɗa da ta mahaƙa kwal, da wasu 'yan Leba da 'yan gurguzu, suka shirya nasu, suka kira shi Bikin Jama'a, na mako guda, da kuɗin shiga kaɗan. A daren 31 ga Agusta, a wani zaure da ake kira Oddfellows, aka yi zaman da ya shiga tarihi. Sunan irin wannan zama a harshen Galik ana furta shi "keli", asalin ma'anarsa kuwa ziyara, watau hirar dare da maƙwabta sukan taru a ɗaki ɗaya su yi labari da waƙa. Wanda ya jagoranci zaman shi ne Hamish Henderson, mawaƙi kuma tsohon hafsan soja da ya yi yaƙi a hamadar Afirka ta Arewa da Italiya. Waɗanda ya gabatar ba 'yan dandamali ba ne. Akwai Jimmy MacBeath, mai yawo gari-gari yana waƙa a kasuwa. Da John Strachan, manomi. Da Jessie Murray, mai tallan kifi. Da Flora MacNeil, budurwa daga tsibirin Barra mai aikin haɗa waya a Edinbara, wadda ta gaji waƙoƙin Galik daga mahaifiyarta. Da John Burgess, mai busa abin busar ƙasar mai jakar fata. Yawancinsu sun yi waƙa da murya zalla, babu kiɗa. Mutanen birni da dama a daren nan suka fara sanin cewa waƙoƙin da suke zaton sun mutu sun koma cikin littafi, ashe suna nan da rai a bakin talakawa. Wani Ba'amurke mai tattara waƙoƙi, Alan Lomax, wanda ya yi damina yana yawo a ƙasar da rakodarsa, ya ɗauki zaman, shi ya sa har yau ana iya sauraronsa.

Bikin Jama'a bai yi tsawon rai ba. Zamanin yaƙin cacar baka ne, kuma a ƙarshen 1952 shugabannin ƙwadago suka haramta shi bisa zargin cewa 'yan gurguzu ne ke juya shi. Ya mutu bayan 1954. Amma irin da ya shuka ya tsiro, domin daga wannan zama ne ake lissafin farkon farfaɗowar waƙoƙin gargajiya a ƙasar.

Harsuna Uku da Aikin Tattara Adabin Baka

Domin a gane muhimmancin wannan, sai an san cewa harsuna uku ake yi a Sikotlan. Akwai Ingilishi, harshen makaranta da ofis da kotu. Akwai Sikots, ɗan'uwan Ingilishi na jini, harshen gida da titi a kudu da gabas, wanda a dā shi ne harshen fada, amma a 1951 malamin makaranta yana ɗaukarsa gurɓataccen Ingilishi. Sai kuma Galik, harshe dabam ɗungum, ɗan'uwan na Ailan, wanda ake yi a tsaunuka da tsibiran yamma. Dokar ilimi ta 1872, wadda ta wajabta makaranta ga kowane yaro, ko ambatonsa ba ta yi ba, kuma tsofaffi da yawa suna tuna bulalar da suka sha don sun yi harshen uwarsu a aji. Sakamakon yana cikin ƙidaya: masu jin Galik sun haura 250,000 a 1891, sun koma kamar 136,000 a 1931, a 1951 kuwa kamar 95,000 suka rage, waɗanda ba su jin wani harshe sai shi kuma ba su wuce dubu biyu da 'yan kai ba.

Ganin haka ne Jami'ar Edinbara ta kafa Makarantar Nazarin Al'adun Sikotlan a 1951, bisa ƙoƙarin Farfesa Angus McIntosh da abokan aikinsa, tana koyi da irin cibiyoyin da ke Ailan da Suwidin. Ma'aikacinta na farko shi ne malamin nan da aka ambata a gabatarwa, Calum Maclean, ɗan tsibirin Raasay, ƙanen shahararren mawaƙin Galik Sorley MacLean. Hukumar adabin baka ta Ailan ce ta horar da shi, ita ce kuma ta fara tura shi tsibiran ƙasarsu a ƙarshen 1945 da na'ura mai faifan kaki, domin a lokacin babu wata hukuma a Sikotlan da ta ga aikin ya cancanci kuɗinta. A tsibirin Benbecula ya sami wani manomi, Angus MacMillan, wanda labarinsa guda ɗaya ya ci sa'a tara ana ɗauka. A 1951 kuma ya shiga yankin Lochaber, inda ya ɗauki ɗaruruwan labarai daga bakin wani dattijo mai gyaran hanya, John MacDonald.

Abin da aka tara ya ƙunshi tatsuniyoyin jarumai, da tarihin zuriyoyi, da sunayen wurare, da waƙoƙin 'yan ƙodagon gona na arewa maso gabas, da waƙoƙin da matan tsibiri suke yi in sun kewaye tebur suna bugun saƙar ulu don ta yi kauri, ɗaya tana bayarwa saura suna amshi, kamar dai yadda waƙar daka take bin sautin taɓarya. Rakoda ta kawo abin da alƙalami ya kasa. Masu tattarawa na ƙarni na 19 sukan rubuta kalmomi, su gyara abin da suka ga bai dace ba, su jefar da karin murya da numfashi da dariyar masu sauraro. Na'ura kuwa ba ta gyara wa kowa magana, kuma tana adana sunan mai maganar da garinsa. Ta haka mai tallan kifi ta zama madogara a jami'a.

Gaggawar da aka yi tana da dalili. Hukumar lantarki ta arewacin ƙasar, ƙarƙashin Tom Johnston, tana ta datse koguna tana kai wuta ƙauyuka. An buɗe madatsar Loch Sloy a 1950. Talabijin kuma ya iso Sikotlan a watan Maris na 1952. Shekarar 1951 ita ce ta ƙarshe da dare yake hannun mai labari shi kaɗai. Babu mai hankalin da zai ce a bar mutane cikin duhu don a ceci tatsuniya, amma masu aikin sun san cewa fitilar da ta shigo ɗaki ita ce za ta tashi hira.

Kammalawa

In aka auna abubuwan nan biyu da ma'aunin shekarun da suka biyo baya, za a ga kowanne ya ci wani abu, ya kuma rasa wani. Dutsen ya koma Landan, Takardar Alkawari ta shiga ma'ajiya. Sai a 1996 aka mayar da dutsen Sikotlan, aka ajiye shi a fadar Edinbara, aka ara shi don naɗin Sarki Charles na Uku a 2023, sa'an nan aka kai shi gidan tarihi na garin Perth a 2024. Majalisar da MacCormick ya nema kuwa, bai gan ta ba, domin ya rasu a 1961. An amince da ita a ƙuri'ar raba gardama ta 1997, ta fara zama a 1999. Abin da gwamnatin Attlee ta faɗa ya tabbata: ba a sami majalisa ba sai da buƙatar ta shiga akwatin zaɓe.

Aikin rakoda ya ci gaba ba tare da hayaniya ba. Henderson ya shiga makarantar nazarin, kuma a 1953 ya gano Jeannie Robertson a birnin Aberdeen, mace daga cikin jama'ar nan masu yawo waɗanda ake rena wa, wadda ta zama ɗaya daga cikin manyan mawaƙan gargajiya na Turai. Maclean ya rasu a 1960 yana da shekara 44, bayan ciwon daji ya ci hannunsa ɗaya bai daina aiki ba. Dubban sa'o'in da su da magadansu suka ɗauka, an sa da yawa daga cikinsu a intanet tun 2010, jikoki suna jin muryar kakanninsu. Matasan da suka koyi waƙoƙin nan a shekarun 1950 da 1960 suna cikin waɗanda suka raya tunanin cewa Sikotlan al'umma ce mai muryar kanta, kuma da wuya a ce ƙuri'ar 1997 ba ta sha daga wannan rijiya ba.

Sai dai akwai abin da na'ura ta kasa. Duk da ɗimbin faifan da aka tara, da dokar 2005 da ta ba Galik matsayi a hukumance, ƙidayar 2011 ta sami masu magana da shi kamar 57,000 ne kawai. An ceci waƙa, amma ɗakin da ake rera ta ya watse. Adana harshe a ma'ajiya aiki ne na malamai, kuma wajibi ne a yi shi tun masu shi suna da rai. Raya shi kuwa yana hannun uwa a gida, da malami a aji, da ma'aikacin da yake yanke shawarar harshen da za a rubuta takardar hukuma da shi. A 1951 Sikotawa sun fara aikin farko a kan kari. Na biyun ne suka makara.